Shafin wata marubuciya a Katsina: yadda aka gina shi da inda ciniki ya tsaya

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks ya rufe. Marubutan Hausa da dama da suka yi shekaru suna raba wa masu karatu adireshin littattafansu na can sai suka wayi gari adireshin ba ya kai kowa ko'ina. Cikinsu har da wata marubuciya mazauniyar birnin Katsina, matar aure, malamar makaranta, wadda ke rubutu da sunan alƙalami. Ita ta ba ni aikin gina mata shafin intanet a farkon 2024. Ni sana'ata ke nan, ba na ƙarƙashin kowane kamfani, aiki nake karɓa in yi in miƙa. Mun yi da ita ba zan faɗi sunanta ba.

Sai an san yadda take ciniki kafin shafin sannan za a gane abin da ya biyo baya. Da waya take taifin, yawanci da dare in yara sun yi barci. Tana sakin shafukan kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet. In labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa na kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ta tura kuɗi a asusu kaza, ta aiko da hoton shaidar biya ta lamba kaza. Wata yarinya, admin ɗinta, ita ke duba shaidar ta saka mutum a zauren waɗanda suka biya. Zaure ɗaya mutum 1,024 yake ɗauka, in ya cika a buɗe wani. Idan littafi ya kammala sai a haɗa shi dokumen guda a riƙa sayarwa. Mutanen Nijar kuwa, na Maraɗi da Damagaram, da sefa suke biya a hannun wata 'yar uwarta da ke aure a Maraɗi, daga baya su yi lissafi.

Tsarin yana kawo kuɗi, ba laifi. Inda yake da rauni shi ne ajiya. Tsoffin littattafanta a warwatse suke: wasu a Wattpad, wasu cikin wata tsohuwar waya da ta mutu, ɗaya kuwa sai da ta roƙi wata mai karatu ta turo mata, don ita kanta ba ta da shi. Sabuwar mai karatu in ta tambayi littattafan baya, babu wuri guda da za a nuna mata.

Zama a falon maigida

Zaman farko a gidansu aka yi shi, wajen Ƙofar Ƙaura, maigidan yana nan. Na je da samfurin shafukan marubutan ƙasashen waje a kwamfuta: babban hoton marubuci a sama, tarihinsa, jerin tarukan da zai halarta, akwatin saka imel. Hajiya ta duba ta ce, “Ƙanena, ni dai ban son hotona ko'ina. Ko unguwarmu kada a sa.” Da wannan magana guda rabin samfurin ya tashi aiki. Shafin “Game da marubuciya” ya koma layi kaɗan: sunan alƙalami, irin labaran da take rubutawa, da lambar kasuwanci wadda ba ita ce lambarta ta gida ba.

Alhaji bai damu da launi ko tsari ba. Ya ce, “Malam, abu guda nike son in ji. In ka yi tafiya, ko kuka ɓata, ko rai ya yi halinsa, shafin na wa ne?” Na ce, “Alhaji, nata ne.” Ya ce, “To a rubuta. Kayan aro ba ya rufe katara.”

Tambayar tasa ta fi duk wadda aka yi a ranar, kuma ba kasafai masu ba da aiki ke yin ta ba. Akwai masu sana'armu da ke rajistar sunan shafi da imel ɗinsu, su riƙe kalmar sirri, in shekara ta zagayo mai shafi ya biya abin da aka yanka masa ko shafi ya ɓace. Wani ba mugunta ba ce, sauƙi ya nema, sai dai ga mai shafi duk ɗaya ne. Mun buɗe sabon imel nata, da sabon layin waya na wannan harka kaɗai, saboda bayanan da aka bayar wajen rajistar suna na iya fitowa ga mai bincike. Duk kalmomin sirri na rubuta su a takarda na damƙa mata, ni kuma ta ba ni izinin shiga a matsayin ma'aikaci, wanda za ta iya cirewa ran da ta ga dama.

Maganar kuɗin aiki ita ma a takarda ta tsaya: rabi kafin a fara, rabi ranar buɗewa, gyara zagaye biyu, abin da ya wuce nan sabon ciniki ne. Kuɗin kula na shekara daban. Alhaji ya nemi ragi da cewa ai ni na gida ne, na rage kaɗan a ladan aikina, amma ban taɓa kuɗin sabunta suna da ajiyar shafi ba, don wannan ba aljihuna yake shiga ba. Lokacin ma ba na wasa da lissafi ba ne. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa take zubewa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a lokacin katunan naira na bankuna da yawa ba sa biya a ƙasashen waje. Shi ya sa muka bar kamfanonin ajiyar shafi masu karɓar dala, muka kama na gida mai karɓar naira. Sunan shafin ma muka ɗauki mai ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana sabunta shi da naira duk shekara. Takardar tsaron da ke hana burauza gargaɗin mutane cewa shafi ba amintacce ba ne ta Let's Encrypt ce, kyauta ce, tana sabunta kanta kafin kwana 90 su cika.

Na gina shi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, saboda dalili guda: tana iya saka sabon babi daga wayarta ba sai ta kira ni ba. Tsarin mara nauyi na zaɓa, babu hotuna masu zagayawa, babu bidiyo. Masu karatunta da ƙananan wayoyin Android suke shigowa, da datar da aka saya ta kwana ɗaya ko ta mako, wasu daga ƙauyukan da sabis sai an fita tsakar gida. Bangwayen littattafan da masu zane suka yi mata manya ne ƙwarai, na matse kowanne har ya koma ɗan ƙaramin kaso na nauyinsa na asali, a fuskar waya ba a ganin bambanci.

Rubutun kansa

Wanda bai taɓa karɓar littafin da aka rubuta don WhatsApp ba zai ɗauka kwafa da mannawa ne. A nan aikin ya fi cin lokaci. Fayilolin cike suke da taurari da 'yan layukan da WhatsApp ke mayarwa rubutu mai kauri ko karkatacce, waɗanda a shafin intanet tsirara suke fitowa. Kowane babi yana farawa da gaisuwa ga wance da wance, da tallar masu kayan mata da turaren wuta, da gargaɗin Allah ya isa ga mai fitar da littafi. Ga fuskokin dariya da na kuka a tsakiyar jimla. Gaisuwa da talla mun cire su daga tsoffin littattafai da yardarta. Fuskokin ta ce a bar wasu, masu karatu sun saba, na bari ba don raina ya so ba.

Sai haruffa masu lanƙwasa. A littattafanta na farko k' da d' da b' take rubutawa, kamar yadda mafi yawan marubutan intanet suka saba. A na tsakiya ta daina sa komai. A na baya-bayan nan, da ta koma allon rubutu na Gboard mai Hausa, ƙ da ɗ da ɓ na ainihi suka fara bayyana, amma ba ko'ina ba. Kashin farko na'ura ta iya da shi: a nemo k' a mayar ƙ, tare da kiyaye 'y ta 'ya'ya da alamar da ke cikin sana'a da jama'a kada a taɓa su. Kashi na biyu kuwa sai idon mutum. Na'ura ba ta san ko “kafa” ta takawa ake nufi ko ta kafa gida ba. Wata ɗalibar sashen Hausa a ɗaya daga jami'o'in garin ta karɓi wannan aikin, Hajiya ta biya ta daban. Littattafai biyu mafi tsawo an bar su yadda suke, don kuɗin gyaransu ya fi abin da ake tsammanin za su kawo.

Samun haruffan daidai a fayil bai isa ba, sai salon rubutun da aka zaɓa ya san su. Yawancin salailan ƙawa masu kyan gani babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. In aka yi amfani da su, waya sai ta aro harafin daga wani salo, ka ga kalma da harafi ɗaya ya fi sauran kauri ko gajarta, a tsoffin wayoyi ma akwati ne ke fitowa. Hajiya ta so wani salo mai kama da rubutun hannu don sunayen littattafai. Na rubuta mata sunan littafinta da shi na nuna mata a waya, da ta ga yadda ƙ ta fita daban ita da kanta ta haƙura. Noto Sans muka ɗauka. Adireshin kowane littafi kuma da haruffa marasa lanƙwasa na rubuta shi, domin ƙ a adireshi kan rikiɗe ta zama %C6%99 in an kwafa, linki ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara. Akwatin bincike ma na gyara shi yadda mai rubuta “kauna” za ta samu “ƙauna”, tunda kusan babu mai danna harafi ya riƙe don neman littafi.

Yadda kuɗi ke shigowa

Mun haɗa shafin da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, wanda ke karɓar ƙananan 'yan kasuwa ko ba su yi rajistar kamfani ba, da BVN da katin shaida da asusun banki. Suna cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, amma ana yafe ɗarin in cinikin bai kai naira 2,500 ba. Littafin naira 1,000 ke nan naira 15 za a cire. Hajiya ta so haɗa littattafai uku a naira 2,500. Da muka buga lissafi, a wannan farashi naira 2,362 da 'yan kwabbai za su shigo mata, in kuma ta sa 2,400 za ta samu 2,364. Mai saye ta rage ɗari, ita ba ta rasa komai ba. Aka sa 2,400.

Kafin buɗewa mun ba wasu amintattun masu karatu linki su gwada saye, kuma abin da suka nuna mana ya sake fasalin shafin. Na farko, imel. Tsarin da aka saba shi ne a biya a aika littafi ta imel. Yawancinsu suna da imel, amma mai shagon da ya saita musu waya ne ya buɗe, ba su san kalmar sirrinsa ba, ba su taɓa leƙa shi ba. Sai muka mayar da shi littafi ya fito nan take a shafin da ke biyo bayan biya, da lambar sayayya, da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp in an samu tangarɗa.

Na biyu ya fi wuya. Mai zaɓen biya ta tiransifa ana ba ta lambar asusu ta wucin gadi, kuma sunan da ke fitowa ba wanda ta saba gani ba ne. Wata ta aiko da saƙon murya: “Anti, wannan akawunt ɗin ba naki ba ne fa, kada dai an yi miki kutse.” Ga kuma matan da ba su da asusun kansu, sai sun ba yaro kuɗi ya kai wa mai POS, ko su jira maigida ko ƙane ya dawo ya tura, alhali lambar wucin gadin ba ta jira har dare. Waɗannan ba za a ce musu su canza ba, su ne masu sayen. Don haka tsohuwar hanya ta zauna daram a gefen sabuwa: ga asusun da kuka sani, ki tura, ki aiko da shaida, a ba ki lambar buɗe littafi. 'Yar uwarta ta Maraɗi ma jerin irin waɗannan lambobi ake tura mata, duk wadda ta biya sefa ta ba ta ɗaya.

Wannan ne ya warware wata rigima da ban san tana tafe ba. Admin ɗin, ɗaliba ce, tana samun ɗan ihisani a kan kowane littafi, tana karanta komai kyauta, kuma a zaurukan ana ganin girmanta. Tun da ta ji ana gina abin da zai karɓi kuɗi ya ba da littafi da kansa ta yi sanyi. Fayilolin da na nema a hannunta sai a hankali suke zuwa. Ranar da muka haɗu gaban Hajiya ta fito fili: “Anti, to ni mi zan riƙa yi?” Ita ta san wace ce ke aiko da shaidar biya ta bogi, wace ce ke sayen littafi ɗaya ta raba wa zaure guda, wace ce in ta ce gobe za ta biya to za ta biya. Babu manhajar da ta san wannan. An buɗe mata nata matsayi a shafin, tana iya fitar da lambobin buɗe littafi da ganin sayayya, ba ta iya taɓa kuɗi ko goge littafi. Ihisaninta bai ragu ba. Cikin mako sauran fayilolin suka iso.

Satar littafi

Babban burin Hajiya shi ne shafin ya hana fitar mata da littafi. Na gaya mata tun farko ba zai hana ba. Ana iya toshe kwafa, amma ba a toshe ɗaukar hoton fuskar waya, kuma akwai masu zama su sake taifin babi sukutum. Toshewar masu gaskiya kawai take wahalarwa. Abin da ake iya yi shi ne a sa alama a kowane kwafi don a san ta inda ya fita. Ta ce a sa lambar wayar mai saye a kowane shafi, kowa ta ji tsoro. Nan na ƙi. Littafin da ya fita yana iya zaga zaure ɗari, lambar matar aure ko budurwa tana manne a jiki, wataƙila ma ba ita ta fitar ba, ƙanwa ce ta ɗauki waya. Lambar sayayya muka sa, wadda Hajiya da admin kaɗai ke iya gano mai ita.

Amfanin shafin a wannan fanni ta wata fuska ya zo. Akwai tashoshin YouTube da ke karanta littattafan Hausa da murya, wasu da izini, wasu babu. YouTube na da fom na neman a sauke abin da aka ɗora ba da izinin mai shi ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman sauke irin wannan daga intanet. A da in an ce ta nuna inda asalin aikin yake, sai dai ta nuna zauren WhatsApp da ba kowa ke shiga ba. Yanzu akwai adireshi mai sunanta, da littafin, da bangonsa. Ta cike fom ɗin a kan wata tasha, aka sauke. Mai wata tashar kuma da ya ga haka ya nemo ta suka yi ciniki.

Buɗewa da abin da ya biyo baya

Shafin ya kammala gab da azumi, wanda aka fara ranar 11 ga Maris 2024. Ba mu buɗe ba. Marubutan intanet da yawa suna ajiye alƙalami a Ramadan, masu karatu ma hankalinsu na kan tafsiri da kicin. Aka jira Sallah ta wuce, ranar 10 ga Afrilu, sannan aka haɗa buɗewar da sabon littafi, don mutane su zo neman labari su tarar da shafi. Linki aka saki bayan isha'i, lokacin da ta saba sakin babi. Na tabbatar in an manna shi a WhatsApp bangon littafin da sunansa suna fitowa a ƙasa, saboda linki tsirara mutane tsoron danna shi suke. Na kuma kunna ajiyar shafuka ta wucin gadi, don ƙaramin wurin ajiyar shafin da muka kama kada ya durƙushe in jama'a sun shigo lokaci guda. Ya ɗan yi nauyi a daren, bai faɗi ba.

Cinikin sabon littafi bai bar WhatsApp ba, har yau mafi yawansa can yake. Masu karatu ba labarin kaɗai suke saye ba, har da zaman zauren: a zagi mugun miji tare, a yi wa Anti magiya ta ƙara babi, a yi faɗa a kan wace ce ta fi dacewa da jarumin. Shafi ba ya ba da wannan, kuma da Hajiya ta nemi in gina mata wurin hira a ciki na ba ta shawarar ta bar kuɗinta. Inda shafin ya yi tasiri shi ne tsoffin littattafai, waɗanda a da sun daina kawo ko sisi. Mai gama sabo sai ta leƙa ta ɗauki na baya da tsakar dare ba tare da jiran admin ta farka ba. Masu biya da kati daga Saudiyya da Ghana su ma ta nan suka fi shigowa. Wani ɗalibi mai rubuta kundin digiri a kan adabin intanet ya samu jerin ayyukanta da shekarunsu a wuri guda, ya aiko da tambayoyi ta lambar kasuwanci.

Akwatin saka imel don samun labarin sabon littafi, wanda aka bari a ƙasan shafi don gwaji, kusan babu wanda ya taɓa shi. Na cire, na sa mahaɗar tasharta ta WhatsApp a gurbinsa.

Da shekara ta zagayo Hajiya ta sabunta sunan shafin da kanta daga wayarta, ni kuɗin kula kawai ta turo mini. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, data ta yi tsada, masu karatu suka fara neman a riƙa ba su littafi a fayil ɗin rubutu zalla maimakon PDF, don ya fi sauƙin saukewa. Rubutu zalla kuwa goge lambar sayayya daga cikinsa aikin minti ɗaya ne. Hajiya ta yarda a yi haka a tsoffin littattafan da sun riga sun zaga gari. A kan sababbi admin na son a bayar, Alhaji na cewa a'a, ita kuma ta ce a bari sai littafin da take rubutawa yanzu ya kammala.